Gidan da Muka Saya wa Gwaggo Kande

Damagaram, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga maigidana, Baban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya zaman Bilma, yaya ɗawainiyar 'yan lekol da kake koyarwa a makaranta, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai Zakiyya da ta fara haƙori ta hana kowa sakat. Na aiko ta hannun direba ne saboda wayarku ta can sai ta ga dama take shiga, kuma maganar ba ta tsaye ba ce.

Meri, ofishin magajin gari, ta yi sanarwa za ta sayar da tsoffin gidajen ma'aikata ga waɗanda ke cikinsu. Wanda bai biya ba kafin ƙarshen watan biyar, a ba wani. Na gwaggonka Kande an yi masa kuɗi miliyan biyu da rabi. Ka san a kasuwa ya ninka haka sau huɗu, ga shi bakin titi. To amma ina Gwaggo ina miliyan? Ɗan fansiyon marigayi mijinta da ƙyar yake biyan haya.

Jiya na tarar da ita tana shara. Idon nan ya tafi gaba ɗaya, amma wallahi in ba an faɗa maka ba, ba za ka gane ba. Shekara talatin da takwas a gida ɗaya, ƙafarta ta san inda randa take, ta san dokin ƙofa, ta san taku nawa ne daga ɗaki zuwa bayi. Ni mai ido biyu ce na yi tuntuɓe da turmi, ita ta yi mini dariya.

Ƙanenka Nazir ya zo da shawara, kuma karon nan ban ga aibinta ba. Ku haɗa kuɗin ku biyu, a saya da sunanta tunda haka meri ta ce, ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta. Matar da ba ta haifi nata ba, ta riƙe ka tun kana goye, har yau take jin kunyarka kamar ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa, ai ta ci fiye da haka a wurinka. Ka nemi bashin banki. Ni ma zan sa adashina, jika ɗari uku, sefa dubu ɗari uku kenan, kuma kada ka ce a'a.

Ka huta lafiya. Taka,
Ramlatu

Damagaram, 19 ga Afrilu

Baban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, yaya zafi? Mu jiki dai lafiya.

Takardar gida ta fito da sunan Gwaggo, ka sani. Ranar ta dafa dambu ta raba wa maƙwabta, ta yi ta sa muku albarka har muryarta ta dishe. Abin da ban sani ba shi ne akwai takarda ta biyu. Shatu matar Nazir ce ta kasa riƙe bakinta ta faɗa mini.

Ashe kun zauna kun yi lissafin gado tun mai gida tana numfashi. Ku 'ya'yan ɗan'uwanta ne, mahaifinku ya rasu, don haka muddin ƙanenta Baba Tanimu na Garagumsa yana raye, ranar da ta cika gidan nasa ne, ku ko bulo ɗaya ba ku da shi. Sai Nazir ya rubuto takardar kyauta, wai ta ba ku gidan ku biyu. Ya kama babban yatsan makauniya ya dangwala. Da ya ce mata daga wurinka takardar ta fito, ko tambayar abin da ke ciki ba ta yi ba. Kun san ba za ta tambaya ba, da kunyar tata kuka yi aiki.

Daga nan ya kai wa malami takardar, malam ya ce da saura. Kyautar gida ba ta tabbata in mai kyautar yana zaune a ciki har ya mutu, sai ya fita, waɗanda aka ba su karɓa, a yi shekara guda cur. Shi ya sa kwanan nan Nazir ya zama likita, kullum yana cewa zafin birni bai karɓi Gwaggo ba, a kai ta Gidimuni wurin 'yar ƙawarta Talatu ta sha iskar tafki. Na ce to ta dawo ɗakinmu na haya. Ya ce a'a, ya yi kusa, za ta riƙa lallaɓawa tana komawa gidan ta ɓata lissafi. Haka ya faɗa, yana cin gyaɗa, ko kunyar idona bai ji ba.

Na ɗauka aikinsa ne shi kaɗai, na ce bari yayansa ya ji. Sai ya kunna mini saƙon muryarka. Ashe waya tana shiga in maganar ta gida ce. Na ji ka da kunnena kana cewa shekara ɗaya kamar gobe ce. Sai da na fita na tofar da yawu.

Kada ka ce ban san zafin bashin banki ba, tare za mu ci tuwo ba mai. Saboda haka na je wurin malamin da kaina. Ya ce in kuɗinku kuke tsoro, abu mai sauƙi: a rubuta bashi ne kuka ba ta, a sa shaidu, ranar da ta rasu a biya ku kafin a raba gado, ita kuma ta zauna abinta. Ya ce ya faɗa wa Nazir haka tun ranar farko. Kenan ba miliyan biyu da rabinku kuke tsaro ba. Goma kuke hange, da kantuna huɗu da magini ya riga ya zo ya auna tana zaune a kan tabarmarta tana yi masa sannu da aiki.

Ban cire kaina ba. Ranar da muka biya, ni ma na kalli ɗakin gabas na ce a raina gadona zai shiga. Duk sanda na tuna sai in ji ƙyamar kaina.

Ka aiko da kalma ɗaya a yaga takardar nan. Kai ne babba, Nazir ba zai tsallake maganarka ba.

Ramlatu

Gidimuni, 11 ga Mayu

Baban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka ga inda na rubuto.

Amsarka ta iso, na karanta. Ka ce in yi haƙuri, maganar maza ce. To.

Kafin motar kai ta Gidimuni ta zo na zaunar da Gwaggo na faɗa mata komai, ban rage ba. Na ce ta ce ba ta zuwa, ni zan tsaya mata ko gaban wa. Sai ta ce ai matar malam ta riga ni, ta sani tun kafin ta ɗaure kayanta. Ta ce yaron nan bai taɓa roƙonta komai ba, ba za ta sa ya buɗe baki ya roƙa ba. Ta miƙa wa Nazir makulli da hannunta, shi kuma ya sa hannu biyu ya karɓa, har da rusunawa, mai ladabi.

Talatu mutuniyar kirki ce, amma tun safe tana garka. Kwana uku da kai Gwaggo, ta tashi da hantsi za ta bayi, ta yi takun da ta saba, ta faɗa ramin da ake kwaɓa ƙasar gini. Nan ta zauna cikin laka har azahar, saboda ba ta son ta yi ihu a gidan mutane. Gwiwa ta kumbura. Tun ranar ta rage shan ruwa don kada ta nemi mai ja mata hannu. Da Talatu ta bugo mini, na goya Zakiyya na shigo mota.

Ina nan. Shekarar da kuka ƙirga mata tare za mu yi, in Allah ya kai ta. Ba yaji na yi ba, kada ka turo kowa biko. Jika ɗari ukuna kuma na bar muku, ku sa a kanti na huɗu, ba na son ko dala ta gidan nan ta shiga tukunyata. In hutu ya zo kana son ganinmu, hanyar Gidimuni ba ɓoyayyiya ba ce. Ka zo ka zauna gabanta, ita ba za ta gan ka ba, amma kai za ka gan ta.

Da ta ji ina rubutu ta tambaya ko yaron nan ne. Ta ce in gaishe ka, in tambaye ka ko kana samun abinci a can. Ta kwance bakin zanenta ta aika aka sayo dabinon garin nan, ta tsince masu taushi da yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce naka ne. Ga shi nan a ƙulle tare da wasiƙar. Ka ci in za ka iya.

Ramlatu