Akun da Ya Yi Hausa a Sito

Laraba da dare, Agusta 2018

Yau ofishinmu na binciken cin zalin dabbobi ya tura mu wani sito a Al Qusais. Aku tara a keji ɗaya, babu iska, babu ruwa, biyu sun riga sun mutu.

Mai siton, wani Alhaji daga Kano ɗan kargo, masu aika kaya gida, ya rantse a nan Dubai aka ƙyanƙyashe su. Sai wani aku mai tsigaggen wuya ya buɗe baki da muryar mace: "Ke Talatu, tuwon nan zai ƙone."

Ogana, wani Balarabe, ya tambaye ni wane yare ne. Alhaji ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Baba, ai duk gida ne. Ka ce surutun tsuntsu ne, khalas, shi ke nan. Bizata tana hannunka."

Na ce Hausa ce, kuma daga Najeriya aka shigo da shi. Na rubuta, na sa hannu.

Zuwa gobe babu ɗan kargon da zai amsa sallamata. Shekara shida digirina na likitan dabbobi yana cikin akwati. Yau ne aka fara neman ilimina, shi ma don in yi wa aku tafinta.