Kalmomi Ashirin da Huɗu a Hannun Kawu

Assalamu alaikum, Yaya.

Kai ma ka yarda ni na sace kuɗin idon Inna? Na fara da wannan ne don yau kwana goma sha ɗaya ina kiran wayarka tana shiga ba ka ɗauka. Bayan haka ina gaishe ka, gaisuwar ƙani ga wansa. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara, da aiki. Allah ya ƙara rufa asiri, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan da sauƙi. Kumburin ƙafar Goggo ya sauka, matar Tela ta haihu, an samu mace. Inna kuwa idon dama ya rufe gaba ɗaya, na hagun ma inuwa-inuwa take gani da shi. Jiya da safe tana zuba ruwan zafi ta kuskure bakin kofi, ya sauka mata a ƙafa. Ina zaune a falo, tana jin motsina, amma maƙwabciya ta kira.

Bari in tuna maka yadda aka yi, ko nisa ya sa ka manta. Kai ka ce banki na jan lokaci, saboda haka za ka riƙa turowa ta kirifto, kuɗin nan na intanet, muna tarawa har ya isa aikin yanar idon. Na buɗe walet, wato asusun ajiyar kuɗin, a burauzar kwamfutar shagonmu. To kwamfutar nan duk wayar da aka kawo gyara sai an jona ta a jikinta, Allah kaɗai ya san ƙazantar da ta kwasa. Ban yi boko mai nisa ba, an sha goranta mini, amma na zauna wata guda ina karatu da ƙamus a hannu har na gane cewa makullin irin wannan walet a cikin kwamfutar yake kwana, wanda ya shige ta ya shige mu. Shi ya sa na sayo 'yar na'urar nan mai kama da filas, mai ɗan allo da maɓalli biyu. Ana jona ta da kebul, a buɗe walet na burauza, a zaɓi haɗa na'ura, sai sabon adireshi ya fito, kamar dai sabuwar lambar asusu. Makullin yana cikinta, ba ya leƙowa waje. Burauza sai dai ta shirya ciniki, amma ba abin da zai motsa sai ka duba ɗan allon ka danna da yatsanka. Haɗawar kaɗai ba ta kare abin da ke tsohon adireshi, don haka na gwada da ɗan kaɗan, na bi adireshin harafi-harafi, sannan na kwashe sauran na mayar can. Ranar har waƙa na yi a shago.

Saura abu guda. Na'urar tana ba ka kalmomi ashirin da huɗu ka rubuta da biro, saboda ko ta ɓace ko ta lalace. Duk wanda ya samu kalmomin nan ba ya bukatar na'urar, ba ya bukatar lambar sirri, ba ya ma bukatar sanin ƙofar gidanmu. Kawu ya ji akwai takarda. Ya ce tun rasuwar Baba duk takardun gidan nan a akwatinsa suke, yaro ba zai riƙe masa takardar 'yar'uwarsa ba. Na ƙi. Ya kira ka. Kai kuma ka kira ni ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar ɓamɓare gilashin wayar wani, ka ce in ba shi, babba ne, kada in jawo maka surutu. Na ce maka takardar nan ita ce kuɗin da kansu. Ka ce ka ji, in dai ba shi. Na kai masa a ambulan na liƙe, na roƙe shi kada ido ya gan ta, kada waya ta ɗauke ta. Ya yi dariya, ya kira ni Malam Kwamfuta, ya ce yana adana takardu tun kafin a yanke mini cibiya.

Ka san Kawu da leda. Rasidin rediyon da ya mutu tun muna yara har yau yana nan an yi masa laminatin. Washegari ya ɗauki ambulan ya kai shagon fotokwafi na bakin titi, aka farke, aka buga kwafi uku, ya bar musu ya tafi salla, ya dawo ya karɓa suna ƙyalli. Wai kuma don kada a ce ya ɓoye wani abu, sai ya ɗauki hoton ya saka a gurup ɗin dangi, ya rubuta cewa ga takardar asusun Inna, kowa ya shaida. Mutum sittin da wani abu, da surukai, da lambobin da ba wanda ya san masu su. Wayata tana caji a bayan kanta, sai bayan la'asar na duba, na tarar ana ta yi masa Allah ya saka da alheri. Kai ma ka sa ɗan yatsan nan na jinjina a ƙasa, na gani da idona. Na jona na'urar don in kwashe kuɗin in gudu da su wani adireshin. Wayam. An riga ni da minti arba'in. Na'urar kuwa tun safe tana kulle a durowata, ko ƙurar kanta ba a taɓa ba.

Kafin magariba Kawu ya goge hoton. Yanzu cewa yake shi bai taɓa jin inda takarda ta yi ƙafa ta ɗauki kuɗi ba, a tambayi mai riƙe da na'ura. Goggo ta ce dama ta ga na canja takalmi, takalmin da kai ka bar mini shekara biyu da suka wuce. Tela in na wuce sai ya ce wa abokan hirarsa su dafe aljihu, injiniya ya fito. Maigidana na shago kuwa ya karɓe makullin durowar da muke ajiye wayoyin mutane. Ranar da likita ya ba mu ta wuce, an sa wani a gurbin Inna. Duk wannan na shanye. Abin da ya kasa wuce mini a wuya shi ne shekaranjiya Inna ta lalubo hannuna ta riƙe, ta rage murya, ta ce in na ci ne in faɗa mata ita kaɗai, ba za ta gaya wa kowa ba, ta yafe.

Ban san wanda ya kwashe ba, ko ɗan gurup ne ko wani a shagon fotokwafi, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da aka ɗora mini ba. Kuɗin ba za su dawo ba, babu ofishin da za a kai kuka. Laifina na san shi: ni kaɗai na san abin da takardar take, kuma na miƙa ta da hannuna don kada a ce ba ni da kunya.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara, ka gaida abokin aikinka da ya taɓa kawo mana saƙo. Goggo ma na gaishe ka, ko da yake ba ta aike ni ba.

Kada ka kira ni a gefe ka ba ni haƙuri, ba zan ɗauka ba. Ka shiga gurup ɗin nan, a gaban mutum sittin ɗin, ka faɗi wanda ya ce in miƙa takardar, sannan ka tambayi Kawu hoton me ya goge, ya amsa a nan inda ya saka shi. Kuma da muryarka za ka yi, ba a rubuce ba. Inna ba ta gani, sai an kunna mata ta ji.

Ƙaninka,
mai gyaran waya.