Wankin da Mama Ta Yi wa Kwamfuta

Zuru,
Afrilu, 2007.

Zuwa ga Yayana Aaron,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Alice da yara, kuma aikin bariki yana tafiya daidai. Allah ya tsare ku a wannan Legas taku mai hayaniya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya ishe mu. Larai ta warke daga zazzaɓin da na gaya maka, Mama kuma ƙafarta da sauƙi, har coci take zuwa da kanta. Ni ne dai a gajiye, gajiyar da barci ba ya cire ta. Ka yi haƙuri da rubutun hannu, za ka ji dalili yanzu.

Ka san tsohuwar kwamfutata, wadda kake tsokanata da ita kana cewa na fi kula da ita fiye da matata Larai. Tun da na saye ta ban taɓa barinta ta huta ba. Yau in sa mata Windows, gobe in raba cikinta biyu in sa Linux ɗin nan da ake aiko da faifansa kyauta ta gidan waya, jibi in cire fanka in sa wata. Murfin gefenta ma na daina mayarwa saboda zafi. Larai ta yi magana har ta gaji. To amma ka tuna abu ɗaya mai amfani da ta yi. Kafin Baba ya rasu na zaunar da shi gabanta da ƙaramar makirfo, ya yi ta ba da labari da yarenmu na C'lela, har ya rera waƙar da yake yi lokacin golmo, sa'ad da yake noma wa kakanmu gona don a ba shi Mama. Tun bayan jana'iza, kullum da yamma in akwai wuta, Mama takan jawo kujera ta zauna ta saurara. Na koya mata maɓallin kunnawa, na kuma shirya ta yadda da ta tashi muryar Baba za ta fara da kanta. Wani lokaci har amsa masa take yi.

Makon jiya wani malami ya kawo filas, ɗan abin nan da ake ɗauko rubutu daga wata kwamfuta zuwa wata, don in buga masa tambayoyin jarrabawa, ashe da bairos, cutar kwamfuta, a ciki. Kwamfuta ta fara nauyi, tana mutuwa tana tashi, muryar Baba tana yankewa. Na gwada duk maganin bairos da nake da shi, a banza. Muna cin abincin rana sai na ce wa Larai wannan cutar ta yi nisa, ba abin da ya rage sai in wanke ta. Yaya, a wurin masu harkar kwamfuta wankewa ita ce a share komai a sake zuba mata sabo. Kowa haka yake faɗa, ni ban ma san wata kalma ba. Mama tana gefe tana ji, ta tambaye ni ko in an wanke ta Baba zai daina shaƙewa. Na ce mata ƙwarai kuwa, tas zai fito. Na tashi na hau babur na tafi wurin Japhet, abokina mai shagon buga takardu kusa da tasha, in aro had-dis ɗinsa, wato ma'ajiyar da ke riƙe komai a cikin kwamfuta, don in kwashe muryar Baba a ciki kafin in taɓa wani abu. Larai kuma ta tafi kasuwa.

Da na dawo, tun daga ƙofa na ji ƙauri. Na tarar da bokiti da soso da sabulu a tsakar ɗaki, Mama tana zaune a kujerarta. Ta ce ta ga ayyuka sun yi mini yawa, shi ya sa ta rage mini. Da ruwan ɗumi ta yi, saboda mara lafiya ba a yi masa da ruwan sanyi. Ta bi ciki lungu-lungu, ta ce ƙurar da ta fitar abin kunya ce a ɗakin mai mata. Ta goge da tsohon zanenta. Da aka kawo wuta ta danna maɓallin da na koya mata, sai abin ya yi tartsatsi ya yi shiru. Wallahi na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga hannuwanta duk sun yi yaushi da ruwa, tana kallona tana jiran na gode. Na ce mata sannu da aiki. Na fita bayan gida na zauna a kan turmi, na daɗe ban tashi ba.

Tun ranar ban huta ba. Na ciro had-dis ɗin kwamfutata na shanya shi a inuwa, na kai shi shagon Japhet muka haɗa da tasa kwamfutar, sai ƙas-ƙas kawai yake yi. Na nemo irinsa har Kontagora na canja masa ɗan allon lantarkin jikinsa da ya ƙone, bai motsa ba. Na gwada ta Linux, ko ganinsa ba ta yi. Duk abin da na sani na yi, na ƙare. Kwamfutar ba ta dame ni ba, ƙarfe ne, a hankali zan haɗa wata. Muryar ce.

Shi ya sa nake rubuto maka. Ka tuna faifan sidi mai muryar Baba da na ba ka da Kirsimeti, wanda ka yi dariya ka ce me za ka yi da waƙar golmo a Legas? Nawa yara sun kankare shi tun tuni. Naka ne kaɗai ya rage a duniya. Don Allah, Yaya, ka duba akwati, ka duba mota, ka tambayi Anti Alice. In ka same shi kada ka sa a gidan waya, kada ka bar yara su taɓa, ka naɗe shi da riga ka ba wani soja ɗan gida mai zuwa hutu. In kuma babu, ka gaya mini ni kaɗai.

Ka gai da Anti Alice, da Beatrice da Goodness. Larai tana gaishe ku. Mama ba ta san kome ba, na ce mata cikin ne bai gama bushewa ba, kuma kada ka ce mata wani abu dabam. Kullum da yamma tana jawo kujerarta ta zauna gaban kwamfutar, ta sa hannu ta taɓa ta ji ko ta bushe. Yanzu ma da ta ga ina rubutu ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ka yi ƙoƙari ka zo bana ka ji Babanku, don ta riga ta wanke masa murya tas.

Ni ne ƙanenka,
Sila.