Baƙin mai a rigar Alhaji

Daren Laraba, bakwai ga Safar, Dutsin-Ma

Barci ya ƙi zuwa. Yau ina tuƙa Alhaji a lorinsa, daf da Kurfi bututun agogon baƙin mai ya tsage, ya feshe mashi farar riga. Ya ce, "Malam Sani, cire ƙazamin nan, ka sa agogo mai waya irin na Turawa."

Na toshe bututun, muka ci gaba da tafiya. Amma na taɓa ganin mai waya a wata mota. Gargada ta kwance wayar, allura na nuna lafiya har inji ya ƙone. Namu ko ya ɓata riga, bai taɓa yi mani ƙarya ba.

Da safe zan wanke rigar da hannuna, in kai mashi, in ce a'a, ba zan cire agogon ba. Allah ya sa muryar ta fito.