Ƙusoshin Bindigar Babanmu

Hajiya Zuhur, a taimake ni da magana ɗaya, don garinmu kaf an taru a kaina. Ni mutum ne da ba wanda ya ɗaga. Daga aji uku na sakandare na bar mahaifata Arris da jaka ɗaya, na yi dako a kasuwar Batna, na yi yaron mota, yau manyan motocina ne ke kai tuffa har Aljir, babban birnin ƙasarmu Aljeriya. Na gina gida, na kai mahaifiyata Makka. Ko gyaran ƙotar bindiga, abin da nake hutawa da shi ran Juma'a, ba wanda ya koya mini.

Yayana Lahdar shi ya gaji bindigar babanmu, ta albarushi, wadda ake bugawa idan amarya za ta fita. Ni ko taɓa ta ba a bari in yi muna yara. Yanzu suga ya cinye masa ido, ga bikin 'yarsa Zarfa ya matso, sai ya aiko mini da ita wai in ɗinke tsagewar da ke wuyan ƙotar.

Na ɗinke. Amma katakon ya yi baƙi da dauɗar hannu, gefe ɗaya ya lotsa inda kumatu ke kwanciya, ga ƙusoshin tagulla birjik. A gidanmu duk namijin da aka haifa, uban ne ke buga masa ƙusa ɗaya a jikin ƙotar ranar suna. Ƙusoshin nan su ke tsaga icen. Na zare su duka, na cike ramukan, na bi da magagari da samfefa, na rage tsawon ya dace da kafaɗata, tunda ni zan buga, makaho ba ya harbi. Na shafe ta da mai har tana ɗaukar ido.

Da na kai masa, a gaban baƙi, ya shafa ta sama da ƙasa, yana laluben wuri ɗaya da babban yatsa. Ya tambaye ni ina Yazid. Yazid ɗansa ne da mota ta kashe shekarun baya. Na ce masa: "Yaya, Yazid yana maƙabarta. Ƙusa ba ta haihuwa, kuma da ka iya riƙon kaya da ba ka kawo mini gyara ba." Gaskiya na faɗa. Ya miƙo mini bindigar, ya ce in tafi da abata, wannan ba ta gidansu ba ce, Zarfa kuma za ta fita shiru.

Amaryar da ta fita ba a buga mata bindiga ba, kin san abin da dangin miji za su riƙa faɗa a kanta har ta tsufa. Yanzu wai ni na jawo. Matata ma ta daina yi mini magana a kan abinci. Ƙusoshin suna cikin gwangwani a shagona, ban zubar ba, amma ba zan lalata aikina don mutumin da ko ganinsa ba zai yi ba. Ki gaya musu na yi daidai. Kuma ban son a sa "wani bawan Allah". A rubuta sunana cikakke.

Buzid Marzugi, Batna

Malam Buzid, ga sunanka nan yadda ka nema. Na yarda ƙusa tana tsaga ice, na kuma yarda an ware ka kana yaro, abin yana cinka har yau. Yayanka ma bai kyauta ba da zai hukunta 'yarsa a kan laifinka.

Sai dai tsagewa aka ba ka, ba bindigar ba. Ka yanke ta daidai kafaɗarka tun kafin kowa ya ce kai za ka buga. Ka ce ba ya gani. Da yatsa yake gani, kuma wurin nan ɗaya da yake taɓawa ya sami ɗansa, shi ka goge da samfefa. Maganar da ka yi masa a gaban baƙi kuwa ba gaskiya ba ce, wuƙa ce, kai ma ka sani.

Tsawon da ka yanke ya tafi. Ƙusoshin suna nan. Kai ka cike ramukan, ka san gurbin kowace. Ka huda su da siririn abu yadda icen ba zai tsage ba, ka ɗauki bindigar da gwangwanin da guduma ka je gidansa ba da rakiya ba. Ka ba shi haƙuri a kan Yazid da sunansa. Ka ɗora masa yatsa a kan ramin Yazid, ka riƙe ƙusar, shi ya buga. Wanda zai harba ranar biki kuma, shi zai zaɓa, ko da ba kai ba ne.

Zai iya korarka. Ka bar bindigar a can duk da haka. Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa Zarfa ta fita da ƙarar albarushi a bayanta.

Hajiya Zuhur