Shekara Biyu Kan Fiffiken Tsuntsu

Woolwich, Landan

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina?

Har yanzu ina ɗakin ajiyar busassun tsuntsaye na jami'a, galibi ni kaɗai. Aikina yanzu a kan wani ɗan tsuntsun Asiya ne mai cafke ƙwari a iska, bai fi gwara girma ba. Jinsi ɗaya ne, amma ya rarrabu. Na arewa yakan yi ƙaura kudu idan sanyi ya shigo, sannan ya koma gida ya yi sheƙa. Na kudu ba ya zuwa ko'ina. Da wuya ido ya bambanta su, sai an auna fiffike.

Ranar Talata shugaban sashe ya nemi in ƙara shekara biyu, na kuma amsa. Ke nan bana ma ba zan zo ba. Sau biyu na kira Inna, muka yi ta maganar ruwan sama, na kasa faɗa. Don Allah ka gaya mata, kuma kada ka tashi daga wurinta nan da nan.

A sa ni a addu'a. Ka gaishe da Anti Hauwa da yara.

Ƙaninka,
Bashir