Kambas ɗin da Ke Cikin Adaka

Bawku, 3 ga Agusta, 1988

Zuwa ga Hajiya Atikatu, Salaga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya kasuwar doya? Ga labarin ɗan ƙanenki Seidu, tunda ke kika ɗauki nauyin gudunsa. Kullum bayan asuba yana bin hanyar Garu ya dawo, ƙafa ba takalmi kamar yadda ya saba. Tun da na bar soja nake horar da 'yan gudu, ban ga mai numfashinsa ba.

An sa tseren Yendi ranar 15 ga Oktoba, mil ashirin da shida. Ukun farko za a kai sansanin horo na Akra. Shekarunsa talatin, in bana ta wuce shi, ta wuce ke nan. Na ji kin sayo masa kambas daga Kumasi. Don Allah ki aiko yanzu, ƙafa sai ta yi wata biyu take sabawa da takalmi.

Naki cikin girmamawa,
Jibirilu

Salaga, 20 ga Agusta

Malam Jibirilu,

Wa alaikumus salam, muna lafiya ƙalau. Kai dai ka san gudu, amma ba ka san fita kunya ba. A ina ka taɓa ganin an sa kayan Sallah tun ana azumi? Takalmin nan fari fat, na naɗe shi a adaka har da turare. In aiko ya turmusa shi a jar ƙasarku, ranar taro ya fito kamar marar kowa? Da hannuna zan ba shi a Yendi.

Ga doya hamsin nan a lori, a ciyar da shi. Ka kuma gaya masa, jikan fataken goro ba ya shiga gaban jama'a ƙafa a ƙasa.

A gaida iyali.
Atikatu

Yendi, 16 ga Oktoba

Hajiya,

Sallama a gare ki. Kin hau mota jiya ba mu gana ba. Ke kin ga ya shigo na huɗu ne kawai, ni kuwa ina biye da shi a keke. Har mil na goma sha shida shi ne a gaba, ba wanda ke ko jin ƙurarsa. Daga nan ya fara ɗingishi. Na yi ta ihu, "Seidu, cire takalmin ka yar!" Ya ce, "Malam, Goggo tana can tana jirana." Saura kaɗan a ƙare mutum uku suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Da muka cire takalmin, safar ta manne da nama.

Ban ɗora miki ke kaɗai ba. Da na sani da na hau lori na zo Salaga na karɓa da kaina. Na yi nauyin baki, abin yana cina.

Allah ya ba mu haƙuri.
Jibirilu

Salaga, 25 ga Oktoba

Ɗana Seidu,

Ina gaishe ka, yaya ƙafa? Na tafi da fushi, ina cewa ka yi ragwanci, ashe ni ce. Da aka karanta mini takardar malaminka na kasa cin abinci. So na yi ka fita da kyau, wallahi ban nufe ka da komai ba sai wannan. Ka yafe mini. Baɗi in Allah ya kai mu zan sayo wani tun da wuri, ka tattaka shi yadda kake so.

Goggonka mai nadama,
Atikatu

Bawku, 2 ga Disamba

Goggo,

Ina durƙusawa ina gaishe ki. Ƙafa ta warke, kuma ba abin da kika yi mini sai alheri. Kada ki sayo wani, na daina gudu, ina auna gero a rumfar wani ɗan kasuwa, Mashud. Takalmin ya saki yanzu, ya zauna mini daidai. Da shi nake zuwa kasuwa kullum.

Ɗanki,
Seidu